Sharhi kan kafintan da ya sabunta min jikin tsohon rediyon Grundig

Ga masu tambayata wa ya gyara akwatin rediyon nan kuma ko aikin ya yi, amsar ita ce ya yi, amma akwai ƙorafi. Rediyon Grundig ne ɗan Jamus, irin mai jikin katako da bawul a ciki (waɗannan ƙwayayen gilashin masu kama da ƙwan fitila) da fararen maɓallai a jere a gaba, na kakanmu ne, a shekaru kusan sa'an sashen Hausa na BBC ne da aka buɗe a 1957, kuma da shi aka yi ta kama London da Kaduna a zaure. Banish ɗin jikinsa duk ya tsattsage ya yi baƙi, gefe ɗaya ya ɗago saboda danshin damina, ga tabon kofin shayi a sama.

Masu fentin feshi na fara tuntuɓa, suka ce za su cike shi su fesa masa baƙi mai sheƙi ya fito fes, ni kuma ba haka nake so ba sam, don zanen katakon nan shi ne kyan abin. Daga baya aka haɗa ni da wani dattijon kafinta a nan Kaduna, yana dubawa ya ce "ɗana, wannan ba a sa masa inji." Ashe abin da ake gani a waje wani siririn falle ne na katako mai kyau da aka liƙa a kan na ciki, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, injin sanfefa na hawa kansa zai cinye shi, shi ke nan babu gyara.

Da hannu ya yi komai wallahi. Ya fara zare kayan cikin gaba ɗaya ya ba ni na tafi da su gida, sannan ya riƙa jiƙa tsumma da tina (ruwan tsinka fenti) yana tausasa tsohon banish ɗin yana kankarewa a hankali, ya bi da sanfefa mai laushi ta inda zanen katakon ya nufa ba a gicciye ba, inda ya ɗago ya zura farin gam ya matse shi ya kwana, ƙananan ramukan kuma ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe. Sabon banish ɗin siriri siriri ya riƙa shafawa, in ya bushe ya goge ya ƙara, kuma da yake hunturu ne a ɗakin ciki ya yi aikin yana yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Launin ya dawo ruwan zuma, ba ya ɗaukar ido.

Abin da ya fi burge ni gilashin gaba ne mai sunayen tashoshi. Na ce Baba a wanke shi mana, ya ce a'a, rubutun ta ciki aka buga shi, ruwa na taɓawa zai bi tsumma ya tafi, don haka waje kawai ya goge. Murfin baya da ya ruɓe ya yanka sabo ya huda masa ramuka da yawa saboda bawul na zafi sosai.

To ƙorafin. Na farko alƙawari, kullum sai "jibi in sha Allahu", wanda ke sauri kam kada ya fara. Na biyu wanda ya fi damuna, ƙyallen gaban sifika. Ya cire na asali ba tare da ya tambaye ni ba ya sa wani yadin kujera mai kauri, launinsa ya yi haske da yawa kuma yana danne sauti, murya ta koma kamar daga cikin ɗaki. Allah ya sa bai yar da tsohon ba, na karɓo abina, yanzu ina neman yadi mai shara shara da ya yi kusa da shi. Kuɗin aikin dai bai tsauwala ba ko kaɗan in aka dubi wahalar.

Shi kafintan jikin kawai yake yi, ba ya taɓa waya. Kada ku ga katako ya yi kyau ku jona a wuta kai tsaye, tsofaffin kafasito, wato ƙananan kayan ciki masu tara wuta, na iya ƙona taransifoma, ku kai wa mai gyaran rediyon da ya san na bawul ya canza su, ya kuma duba abin zaɓen ƙarfin wuta na baya ko yana kan 220 ko 240 ba 110 ba.