Metro ɗin Alƙahira: shekara biyu haƙarƙarina na biyan kuɗin mota

Shekara biyu ke nan, daga Lahadi zuwa Alhamis, ina hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira daga Abbasiyya zuwa Ma'adi, inda nake ɗan aikin fassara. 'Yan uwa da ke zuwa karatu ko kawo mara lafiya asibiti ba sa rabuwa da tambayata: a hau metro ko a haƙura a ɗauki tasi? To ga abin da idona ya gani.

Hanyata ba ta da wuyar ganewa. Layi na 3 nake hawa, tasha biyar zuwa Nasir, in sauka in canza zuwa Layi na 1, tasha tara zuwa Ma'adi. Tasha 14 ke nan, fam 10 na kuɗin Masar a farashin da aka sa a Agustan 2024. Waɗanda suka riga mu zuwa har yanzu suna ba mu labarin lokacin da fam ɗaya ke kai mutum ko'ina, kafin ƙarin 2017. In suna faɗa sai ka ga suna girgiza kai kamar masu tuna mamaci.

Layi na 3 ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. A 2012 aka buɗe shi, da na'urar sanyaya iska, da tsabta. Ko ka tsaya a tsaye, tsayuwar mutunci ce. Daga Nasir ake fara wahala. Layi na 1 shi ne dattijon, tun 1987 yake aiki, shi ne metro na farko a duk Afirka, kuma ya miƙe kimanin kilomita 44 daga Helwan har Marj. Akwai sababbin jirage masu sanyi a cikinsa, amma in ƙaddara ta haɗa ka da tsohon, mai tagogi a buɗe da fanka tana juya zafi daga wannan kai zuwa wancan, a watan Yuli, sai ka jiƙe sharkaf kafin ka isa. Tasha biyar kaɗai ke ƙarƙashin ƙasa a layin. Da an wuce Sa'ad Zaglul jirgi ya fito fili, rana kuma tana nan tana jiran ku.

Jinkirin ba ya yawa, gaskiya, yawanci 'yan mintuna ne tsakanin jirgi da jirgi. Sai dai a garin da mutanensa suka haura miliyan 20, minti goma ba ƙaramin abu ba ne. Da ƙarfe takwas na safe, in jirgi ya makara, matakala ba ta daina zubo mutane, dandamali ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Jirgin da zai zo kuma a cike zai zo, don ya kwaso waɗanda suka taru a tasoshin baya. Sai ka bar na farko ya wuce, ka bar na biyu, a na uku zuciya ta ƙeƙashe ka shiga da kafaɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jirgi ya tsaya cik a tsakiyar hanya, shiru ba bayani, kowa na kallon wayarsa, wani dattijo na ta jan "la haula". Kalmar da za ka ji daga kowane gefe ita ce "ma'alesh", wato yi haƙuri. Da ita ake taka maka ƙafa, da ita kuma ake ɗaga ƙafar.

Amma babbar jarrabawa ƙofa ce. Masu shiga ba sa jiran masu fita, ƙofa kuma ba ta jiran kowa. A makona na biyu na tsaya a tsakiyar tarago da kunyata ta Bahaushe, ina jiran a ba ni hanya. Aka buɗe ƙofa a tashar Darus Salam, igiyar mutane ta shigo ta manna ni da ɗaya ƙofar, hulata ta karkace, takalmina ɗaya ya fice. Ina ganinsa tsakanin ƙafafun mutane, hannuna ba ya iya sauka. Haka muka wuce Hada'iƙ, muka wuce Ma'adi ina kallon sunan tashar ta taga. Wani saurayi da ke riƙe da ledar burodi ne ya turo mini takalmin da ƙafarsa yana dariya, ya ce lallai ni baƙo ne. Shi ya koya mini abin da babu allon da ya rubuta: tun saura tasha ɗaya ka fara matsawa, ka taɓa kafaɗar na gabanka ka ce "nazil?", wato za ka sauka? In ya ce e, ka lafe a bayansa, shi zai fasa muku hanya. In ya ce a'a, ku yi musayar wuri. Tun ranar ban sake wuce tashata ba.

Gargaɗi ga maza: tarago biyu na tsakiya na mata ne, akwai alama a dandamali. Gaggawa ta taɓa jefa ni ciki sau ɗaya. Kallon da iyayen nan suka yi mini ya isa, a tasha ta gaba na fice ina ba da haƙuri. Ga matanmu kuwa wannan tsari rahama ne, matata ba ta shiga wani tarago sai shi.

'Yan talla ma suna nan, su ɗora maka safa ko alƙalami ko igiyar caji a cinya su wuce, su dawo su karɓa ko kaya ko kuɗi. A cunkoson da ni ba na iya sosa hanci, ban san ta inda suke bi ba.

Duk da haka ban daina hawa ba, kuma ba zan ce wa kowa ya guje shi ba. Na gwada tasi sau uku don haushi, ranar ƙarshe mun yi fiye da awa muna rarrafe a kan Gadar 6 ga Oktoba, kuɗin ya ninka na metro sau da yawa. Mai lafiya, marar kaya, ya hau. Wanda ya kawo tsoho asibiti ko yake jan akwati, ya jira goma ta wuce ko ya nemi mota, kuma ya kauce wa tashar Shuhada da ke ƙarƙashin dandalin Ramsis da safe ko bayan la'asar. Mai son ganin metro a cikin natsuwa ya hau da safiyar Juma'a, har kujera zai zaɓa. Ni dai yanzu hula a jaka take tafiya, takalmin kuma mai igiya ne.