Kai tsaye zuwa firinta ko ta kan saba: wanne ya fi riƙe haruffa?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce in ka tura takarda kai tsaye daga kwamfutarka zuwa firinta komai na fitowa daidai, amma in ta bi ta kan sabar da aka haɗa muku, wato kwamfutar da ke karɓar takardun kowa ta miƙa wa firinta, sai rubutun ya koma kamar na tsohuwar tafireta, ƙ da ɗ su ɓace ko su zama akwati, wani lokacin ma a nuna maka wai firintar a kashe take alhali ga ta nan a kunne, shi ne kake tambaya ko ku cire sabar kowa ya dinga turawa da kansa. Don Allah kar ku cire tukuna.

Da farko dai ka sani ko a kai tsayen ma akwai sifula, wato manhajar da ke karɓar takarda ta ajiye a layi kafin firinta ta samu sarari. A Windows sunanta spoolsv.exe, tana zuba ayyukan a C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, kowane aiki fayil biyu, ɗaya SPL ɗaya SHD. A Linux da Mac kuma CUPS ce, wadda Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ta saye ta a 2007. To bambancin kawai shi ne a kai tsaye ɗan aike ɗaya ne tsakaninka da firinta, ta kan saba kuma sun zama biyu, kuma na biyun nan shi ke magana da yawun firintar.

Nan ne gizo ke saƙar. Kafin direba, wato manhajar da ke juya takarda zuwa yaren firinta, ya shirya takarda dole ya san waɗanne salon haruffa ne firintar take da su a cikinta, don wanda take da shi sunansa kawai zai tura, wanda ba ta da shi kuma sai ya cusa shi cikin aikin gaba ɗaya. In hanya ta kai tsaye ce mai zuwa da dawowa, ana iya tambayar firintar ta amsa da bakinta. Amma saba tana karɓar takardarka ne tun firintar na kan aikin wani, ko ma a kashe take, to wa zai amsa? Sai sabar ta amsa daga jerin da aka ba ta. Wannan matsala tsohuwa ce, tun zamanin firintar LaserWriter ta Apple ta 1985 mai salo 13, wadda ta biyo ta a 1986 kuma 35. Direban Mac na lokacin sai ya fara tura ɗan ƙaramin aikin tambaya kafin ainihin takardar, shi ya sa Adobe ta tsara layuka na musamman a cikin PostScript, yaren da ake bayyana wa firinta shafi da shi, irin su %%?BeginFontListQuery don sifula ta gane cewa wannan tambaya ce ba abin bugawa ba, ta amsa a madadin firinta. Har amsar ko ta kwana ake rubutawa a layin ƙarshe na tambayar, saboda in sifular ba ta sani ba ta mayar da ita. Tsarin na burge ni har yau wallahi, amma raunin sa a fili yake, in jerin ya tsufa sabar za ta ce akwai salon alhali babu.

Yau jerin nan yawanci a fayil ɗin PPD yake, wato fayil ɗin da ke bayyana abin da firinta take iyawa, ka buɗe shi za ka ga layuka masu farawa da *Font, kowanne da sunan salo ɗaya. In wanda ya haɗa sabar ya zaɓi PPD na wata firinta mai kama da taku, direba zai ɗauka akwai salon, ya tura suna kawai, firintar ta duba ba ta gani ba, sai ta maye gurbinsa da Courier. Courier ɗin nan shi ne rubutun tafireta da kake gani. Kuma ko da ta samu Times ko Helvetica nata na ciki, waɗannan 35 ɗin an yi su ne don harsunan yammacin Turai, babu ƙ babu ɗ babu ɓ a cikinsu, sai dai gurbi.

Na taɓa zama kan irin wannan a wani ofis, takarda ɗaya muka buga sau biyu muka ajiye gefe da gefe a kan tebur. Ta kai tsayen shafi biyu cif, ta sabar kuma ta zube zuwa shafi na uku saboda kowane harafin Courier faɗinsa ɗaya, kalmar "ƙarƙashin" ta fito da ramuka biyu. Da muka duba, PDF ɗin ba a cusa masa salon ba, kwamfutar mai takardar tana da shi shi ya sa a wajenta lafiya lau, sabar kuma ba ta da shi. Wannan ita ce hanya ta biyu da abin ke lalacewa, don a CUPS sau da yawa sabar ce ke juya takardar zuwa yaren firinta, da salon da ke kanta take aiki, in babu sai Ghostscript, manhajar da ke wannan juyin, ya ɗauko mafi kusa, misali Nimbus Sans a madadin Helvetica.

Sai maganar yaren da sabar ke yi da firintar, wanda mutane ba sa dubawa. Na farko LPD, mai ƙofa 515 (ƙofa ita ce lambar da ake tuntuɓar na'ura ta kanta a netwok), an rubuta ƙa'idarsa a 1990, iyakarsa ka tura aiki, ka ga layi, ka soke aiki, ba ya iya tambayar firinta me take iyawa. Ƙofa 9100 ta JetDirect, tsarin haɗa firintocin HP da netwok, kuwa bututu ne kawai, ka zuba ta sha. IPP mai ƙofa 631 shi ne aka gina da tambaya a cikinsa, akwai umarnin Get-Printer-Attributes da firinta ke faɗin girman takardar da ke cikinta, ko tana buga gaba da baya, ko tawada ta kusa ƙarewa, da irin fayil ɗin da take karɓa. A kansa AirPrint, tsarin bugawa na Apple, ya hau tun 2010, shi ya sa waya ke bugawa ba tare da ka sa direba ba.

Batun nuna a kashe kuwa, in sabar Windows ce ka shiga saitin ƙofar firintar ka duba SNMP Status Enabled. Windows na tambayar lafiyar firinta ta SNMP, yaren tambayar halin na'ura a netwok, a ƙofa 161, in an toshe ko an canza sunan public da ke wurin, wanda kamar kalmar sirri yake, shiru zai ji, shi kuma shirun yake ɗauka a kashe take. Ko ku gyara sunan ko ku cire alamar.

To kai tsayen fa, ina laifinsa? In ku biyu ne ko uku babu laifi sosai. Amma da kun kai goma kowa da direbansa da saitinsa, wani ya tura shafi 200 ya tare hanya babu mai iya sokewa sai shi, a canza firinta kuma sai an bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Saba tana ba ku layi ɗaya da wuri ɗaya na gyara, ni ita zan zaɓa, da sharaɗin a daina dogara da salon da ke cikin firinta kwata-kwata.

Ka gwada wannan gobe. Ka mayar da takardar PDF, ka duba ta da pdffonts, manhajar da ke jero salon da ke cikin PDF, duk layin da ka ga no a ƙarƙashin emb to ba a cusa salon ba, ka sake fitar da ita a matsayin PDF/A, nau'in PDF na adana takardu, don shi dole ne ya cusa. In direban PostScript na Windows kuke amfani da shi, a saitin TrueType ka canza daga Substitute with Device Font zuwa Download as Softfont, aikin zai ɗan ƙara nauyi amma ba komai ba ne a netwok na yanzu. Sannan a sa PPD na ainihin firintar, a mayar da haɗin zuwa IPP in tana karɓa. Ka buga shafin nan mai ƙ da ɗ ta hanyoyin biyu ka turo mana hotonsu, tare da sunan firintar da abin da ke kan sabar, Windows ce ko CUPS.