Asibitin matan da ya ƙi sa wa ciwon Yayata suna sai da sakamakon lab ya fito

Asibiti ne mai zaman kansa a nan cikin Kano, na mata da haihuwa, ba zan kama sunansa ba don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi musu daɗi ba. Amma in dai maganar aikin likita ce tsagwaronta to gaskiya sun burge ni, kuma in wata ta ce min tana fama da ciwon mara an ce mata endometriyosis ne, wato nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajen mahaifar, amma magani ya ƙi ci, can zan tura ta, da sharaɗin ta tafi da kuɗi a jaka da haƙuri mai yawa.

Yayata ta daɗe tana shan wuya. Duk wata in al'ada ta zo sai ta kwanta tana murƙususu, ciwon har cinya, ga nauyi a gefen mara na hagu ko ba lokacin jini ba. A inda take zuwa da, sikanin ɗaya aka yi mata aka ga wani kumburi a jikin ƙwan mahaifa, shikenan aka rubuta endometriyosis a fayil, aka ɗora ta kan ƙwayoyin homon, daga baya har allurar wata wata da ke tsayar da al'ada gaba ɗaya, ta yi ta fama da zafin jiki da gumin dare kamar mai shekara hamsin alhali ko talatin da biyar ba ta kai ba. Jinin ya tsaya, nauyin nan na gefe ko gezau. Ni dai ban ga laifin wanda ya fara zargin endometriyosis ba, ciwo ne da ya yi yawa sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa na da shi, wajen mata miliyan 190 kenan. Abin da ya ba ni haushi shi ne da magani ya ƙi aiki ba wanda ya tsaya ya ce to ko dai ba shi ba ne.

A wannan asibitin kwansaltan ɗin mace ce. Ta karɓi tsoffin takardu ta baje su a tebur tana bi ɗaya bayan ɗaya da biro, sai ta ce, Hajiya, wa ya taɓa yanko naman wurin nan ya kai lab? Yaya ta ce ba kowa Dokta. Ta ce to har yanzu zato ake yi. Ta sake yin sikanin da kanta, irin wanda ake yi ta gaba, ta kunna wannan mai kala ja da shuɗi da ke nuna gudun jini, ta juyo mana da allon ta ce kun ga, kumburin endometriyosis tsohon jini ne ya taru ya yi kauri kamar narkakken cakulan, jini ba ya gudana a cikinsa, wannan kuwa tsarinsa bai yi mata kama da haka ba, tana ganin alamun jijiyoyi. Ta tura mu MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu, da allurar da ke haska jijiya, amma sai da aka fara gwajin ƙoda tukuna, ta ce ba a yin allurar nan da ka.

MRI ɗin ba a wurinsu ake yi ba, wata cibiya suka tura mu, kuma nan ne matsala ta farko. Ba wanda ya gaya mana sai an yi bukin, muka je aka ce sai wani satin. Kuɗin kuwa kar ma a yi magana, sai da mijinta ya taɓa jarinsa. Ranar da aka yi, aka sa ta cire 'yan kunne da awarwaro da fil ɗin mayafi, ta fito tana cewa ƙarar injin ɗin har cikin haƙoranta take jin ta. Ku karɓi faifan hoton ku riƙe, kar ku yarda a ba ku takardar rahoto kaɗai, Dokta faifan ta sa a kwamfuta ta duba da idonta. A nan ta nuna mana cewa kumburin endometriyosis a hoton da suke kira T1 haske yake yi sosai sannan ya dusashe a T2, na Yaya kuwa a T2 ne yake ƙyalli kuma ya sha allurar. Gwajin jinin nan CA-125, na neman alamar ciwon daji, da aka tsorata mu da shi a baya don ya ɗan hau, ta ce shi kaɗai ba ya raba gardama, endometriyosis na ɗaga shi, fibroid, wato ƙarin mahaifa, na ɗaga shi, har jinin al'ada ma na iya ɗaga shi.

Abin da na fi yabawa shi ne yadda suka shirya aikin. Ta ce in har ƙarin jijiyoyin jini ne ba a soka masa allura haka kawai don a ɗebi samfur, zai iya ɓallewa da jini, gara a cire shi dungurungum. Suka sa aka tanadi jini kafin ranar, ƙannenmu biyu suka bayar. Aikin kyamara aka yi, laparoskopi, 'yan huji ƙanana a ciki ɗaya a cibiya, kuma tun kafin a shiga nos ta gaya mata za ta ji ciwon kafaɗa bayan aiki saboda iskar da ake hura ciki da ita, haka kuwa aka yi, da ba a faɗa ba da mun ɗauka wani ciwon ne sabo. Da Dokta ta fito ta nuna mana hoto a waya, wani dunƙule ja-ja mai shuɗi shuɗi, ta ce da ido kam wani zai rantse endometriyosis ne don shi ma haka yake yin tabo baƙi ko shuɗi, amma ita ba za ta sa masa suna ba sai masu duba nama sun yi magana.

Jiran sakamakon nan shi ne ya fi komai cin rai, kuma nan ne suka gaza. An ce mana sati biyu, aka wuce, in ka kira layin risefshan ba a ɗauka, in ka je a ce ki dawo gobe Anti, ba mai iya ce maka ga inda aka tsaya. Ashe duban farko da madubin lab bai gamsar da likitan nama ba sai ya nemi a ƙara wasu rini na musamman, su kuma ba ko'ina ake yin su ba sai da aka aika samfurin wani gari, aka kuma sake cajar mu kuɗin da ba ya cikin lissafin farko. Wallahi da sun kira sun faɗi haka da Mama ba ta yi ta kwana kan sallaya tana kuka tana zaton ciwon daji ake ɓoye mana ba.

Da takardar ta zo, hemanjiyoma ce, ƙari na jijiyoyin jini wanda ba na daji ba, kuma ba kasafai ake samunsa a ƙwan mahaifa ba, an fi saninsa a fata da hanta. Rinin CD31 da CD34 da ke kama bangon jijiya sun kama, shi kuwa CD10 da ake neman naman cikin mahaifa da shi bai nuna komai ba. Na tambaye ta Dokta to duk wannan wahalar ta mece ce tunda dai an riga an cire, ta ce saboda akwai ɗan uwansa mugu, anjiyosakoma, shi ciwon daji ne, kuma da shi ne da maganar ta canza gaba ɗaya, sai an haɗa da likitocin daji. Ta kuma ce tunda ba a ga endometriyosis ba a dakatar da alluran nan. Ba ta yi mana alkawarin ciwon al'ada zai tafi duka ba, kuma bai tafi duka ɗin ba, amma nauyin gefen nan ya ɓace, Yaya ta koma koyarwarta.

Ɗakin kwanciya tsaf yake, banɗaki ma ba laifi, sai dai janareto in an ɗauke wuta yana ɗan jinkiri kafin ya tashi, kuma famasinsu ya fi na waje tsada sosai, mu dai muna karɓar takarda mu sayo a waje ba su hana ba. Mai ciwon mara na yau da kullum ba sai ta kashe wannan kuɗin ba, asibitin gwamnati ya ishe ta. Wadda kuma aka cire mata wani abu a ciki, ko a nan ko a ko'ina, ta tabbata an sa shi a ruwan fomalin, mai hana nama lalacewa, an kai lab, kar a ba ta a leda ta tafi gida da shi a binne, sannan ta nemi a ba ta ɗan bulok ɗin kakin da aka daskarar da naman a ciki. Da shi za ta iya zuwa sashen duba nama na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, wani likitan ya sake dubawa. Mu sai da muka cike fom muka sa hannu kafin suka ba mu namu.