Hattara da mai tallar mitar awon wuta ta jabu a Kaduna

'Yan'uwa masu wayarin, masu haɗa sola da masu gyaran waya, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke zagaya Panteka da Tudun Wada da jaka a kafaɗa, yana tallar mita mai ruwan ɗorawa ɗauke da sunan Fluke, sanannen kamfanin ƙera mitar awon wuta. Cewa yake kayan Beljiyam ne, gwanjon wani kamfani, shi ya sa ya karya farashi. Har a WhatsApp yana sa hotuna, wai a tura kafin alƙalami. Wallahi jabu ce.

An kawo mini ɗaya shago muka kwance ta. A fuskarta an buga CAT III 1000V, wato alamar cewa za a iya awo da ita a babban akwatin wuta har 1000V, amma cikinta na ƙaramar mitar nan ce mai araha, DT830. Ramin 10A, inda ake sa wayar gwaji don awon amfiya, ba shi da fiyus ko kaɗan, waya ce kawai ta ratsa. Na ɓangaren mA, wato awon ƙaramar amfiya, ɗan fiyus ne na gilashi mai 250V. Babu PTC, babu MOV, wato 'yan kayan kariyar da ke tare wuta idan ta yi tsalle. An kuma manna guntun ƙarfe da gam a murfin baya don ta yi nauyi a hannu. Wannan ya fi ƙona mini rai, domin da gangan aka yi.

Ta gaske, irin Fluke 87V, fiyus biyu gare ta na tangaran cike da yashi, 11A da 440mA, kowanne na 1000V. Amfaninsu shi ne ranar da yaro ya manta wayar gwaji a ramin 10A ya kai ta kan 230V, ko 400V tsakanin layi biyu. Fiyus ya yanke, yashin ya kashe tartsatsin, shi ke nan. Ta jabu kuwa tana iya fashewa a hannunsa, ga fuska kusa.

DT830 ba laifi ba ce wajen awon batir ko fanel ɗin waya. Cutar ita ce rubutun da zai sa mutum ya shiga babban akwatin wuta da ita.

Kafin ka biya, juya ta kan DC V, ka auna ramukan wayar gwajinta da wata mita da ka juya kan awon ohm. Ta ƙwarai tana ba da kusan megohm 10, wadda muka kwance 1 ta ba mu. Sannan ka ce a buɗe bayanta ka ga fiyus da idonka. In mai tallar ya fara cewa sauri yake yi, miƙa masa abarsa. Iyayen gida, don Allah a gaya wa yaran shago.