Ganyen gida ko kayan sanyi: me za a shuka a sabon lambu a watan Yuli a Ingila?

Hajiya, barka da arziki. Kin ce bayan dogon jira ƙaramar hukumar garinku a arewacin Ingila ta ba ki rabin fili a lambun haya, ga Yuli ya kama, ga ciyawa har gwiwa. Tambayarki ita ce: ki zuba irin gida da kike da shi, alayyafo da yakuwa da kuɓewa, ko ki bi maƙwabtan filinki ki dasa kayan da ke jure sanyi?

Abin da zai raba gardamar shi ne kwanakin da suka rage miki. A yawancin Ingila sanyin da ke ƙona ganye yakan sauka ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, wajenku ma yakan yi sammako. Kenan wata uku ne a hannunki, kuma ba duka ne masu ɗumi ba, domin daga tsakiyar Satumba dare zai fara sanyi, tsiro ya rage sauri.

A cikin kayan gida, alayyafo ne kaɗai zan tsaya masa. Yana son zafi, yana da sauri, cikin mako biyar zuwa shida kin fara yanka. Mutanen Jamaika da Bangaladash sun daɗe suna noma shi a irin waɗannan lambuna, to ba gwaji za ki yi ba. Ki cuɗa irin da yashi saboda ƙanƙantarsa, ki yayyafa a fangalin da ya fi samun rana, kada ki binne shi da zurfi. In ya kai kamu ɗaya ki yanke kan, ki bar gindin ya sake tofo. Sharaɗin dai shi ne ki shuka a wannan makon, ba a Agusta ba.

Yakuwa za ta iya ba ki ɗan ganyen miya in an yi bazara mai zafi, amma ki cire rai da zoɓo. Ba ta yin fure sai yini ya gajarta, kuma a nan yini ba ya daidaita da dare sai wajen 22 ko 23 ga Satumba, lokacin sanyi ya riga ya tsayar da ita. Kuɓewa kuwa ko a ɗakin gilashi sai an lallaɓa ta. Ita da attaruhu da tumatir tun Fabrairu zuwa Afrilu ake fara renonsu a cikin gida. Ki adana irinki a busasshen wuri sai baɗi, kada ki yi asararsa.

Kayan sanyi fa, Yuli lokacinsu ne. Kel, ɗan'uwan kabeji da ba ya ƙulla kai, yanzu ake dashensa, haka lik mai kama da ganyen albasa. Dashe za ki saya a shagon kayan lambu, ko ki tambayi tsofaffin wurin, da wuya a rasa mai ragowa. Waɗannan ba sa gudun ƙanƙara. A Janairu, lokacin da alayyafo ya zama labari, za ki je da safa a hannu ki tsinko kel ki zuba a fate ko dambu. Ba zan ce ɗanɗanonsu ɗaya da namu ba, ya fi tauri, sai kin zare jijiyar tsakiya kin yanka shi ƙanana. Amma yana ɗaukar manja da daddawa sosai. Akwai kuma cad, wanda ya fi kusa da alayyafo a tukunya, ana shuka shi daga iri yanzu, ya kai ki har kaka, sau da yawa ya tsallake hunturu ya sake tofo. Karas mai saurin nuna da koren wake gajere su ma suna shiga in ba ki wuce tsakiyar wata ba.

Wajen wahala ma sun bambanta. Alayyafo ruwa kawai yake nema, sai katantanwa marar ƙoƙo da ke cinye tsiro da dare yana ƙarami. Kel kuwa, ranar da kika dasa ranar za ki rufa masa raga. In kika ce sai gobe, tantabarun daji za su bar miki tsirarar jijiya, farin malam-buɗe-littafi kuma ya zuba ƙwai a bayan ganye, tsutsa ta ƙarasa sauran. Ki nemi raga mai ƙananan ido, ki ɗage ta da sanduna don kada ta taɓa ganyen.

Da ni ce, fangali ɗaya zan ba alayyafo, biyu ko uku in ba kel da lik da cad, shi ke nan na bana. Rabin fili wajen murabba'in mita 125 ne, mutum ɗaya ba ya share shi a wata guda, kuma wannan ne ke karya gwiwar sababbin shiga har su mayar da makulli. Sauran filin ki sassabe ciyawar ki shimfiɗa kwali mai kauri, ki danne da taki ko bulo. Ina roƙonki kada ki yarda a sa miki injin kaftu. Irin ciyawar da ke cin tsofaffin filayen nan ta jijiya take yaɗuwa kamar kiri-kiri, injin zai daddatsa ta, kowane guntu ya zama sabon tsiro. Da cokalin haƙa za ki bi ta, kina zaro fararen jijiyoyin da hannu.

Ki kuma karanta takardar hayarki. Yawancin hukumomi suna zagayen dubawa, suna son ganin an noma wani kaso na filin, kodayake sukan sassauta wa sabon shiga in sun ga aiki na tafiya. Wurin da kika rufe da kwali, ki buɗe wani ɓangarensa a Oktoba ko Nuwamba ki dasa tafarnuwa. Sanyin ma shi take so kafin ta rarrabu, sai Yuni ko Yuli na baɗi ki haƙe abinki. Allah ya sa albarka, ya ba da yabanya mai kyau.