Gargaɗi ga 'yan kasuwar Zango: a kula da mai buga rasit ta WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Alabar, Aboabo da Sabon Zango a nan Kumasi. Ku ji abin da ya same ni tun bai faɗa wa wani ba.

Shadda da atamfa nake sayarwa. Watan jiya littafin rasit ɗina ya ƙare, sai na ga talla a wani zauren WhatsApp. Wai mai ɗab'i ne a New Town ta Accra, yana buga rasit, katin shago da hatimi a rabin kuɗin da ake karɓa a Asafo, unguwar masu ɗab'i ta nan Kumasi. Hausa a bakinsa tsaf, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Na tura masa sunan shago da lambata, kafin la'asar ya turo zane. Wallahi ya yi kyau, shi ya sa na saki jiki.

Ya ce kafin alƙalami sidi 400. Da na zo turawa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sai sunan mace ya fito, ya ce ai maiɗakinsa ce. A nan ya kamata in tsaya. Bayan kwana biyu wai takarda ta yi tsada, na ƙara 250.

Kwali ya iso tasha, an naɗe shi da salatif, ga nauyi. Na buɗe a gaban yarinyar shagona: littafi biyu a sama, ƙasa duk tsofaffin jaridu. Biyun ma babu lamba a jere, babu takardar kwafi a ƙarƙashi. Ba kati, ba hatimi. Na kira, waya a kashe.

Ba kuɗin ne suka hana ni barci ba. Wata mai saye a wurina ta kira ni daga Tamale, an turo mata hoton katina da sunan shagona, amma an canza lambar, ana cewa ta biya kuɗin shadda a can. Allah ya sa ta tambaya. Sunan da na yi shekaru ina tattalinsa, da shi yake farauta yanzu.

Don Allah mai son bugu ya taka zuwa Asafo, ya ga injin da idonsa, ya taɓa takardar, a nuna masa samfuri ya duba lambar wayarsa da aka buga a kai ɗaya bayan ɗaya kafin ya cika kuɗi. Ni ma mutumin nan na WhatsApp har rasit na harajin VAT ya ce zai buga mini. Kada ku yarda, wannan sai daga GRA, hukumar haraji ta Ghana, ko kuma da izininta.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet. Lambata ba ta canza ba. Duk wadda aka turo wa wata lamba da sunan shagona, ta kira ni ko ta zo shago kafin ta tura ko sisi.