Ra'ayina Kan Garejin da Ya Kwance Mini Injin Fijo 504 a Bauchi

Ba kowane bakanike ne zai yarda ya bar garejinsa ya bi mutum gida domin motar da ta yi shekara da shekaru a ajiye ba, shi ya sa na ga ya dace in yi bayanin aikin wani dattijo mai gyaran Fijo da ke ɓangaren Railway a Bauchi. Motar 504 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma tawa haɗin kamfanin PAN ce na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Ina gyara ta a hankali a cikin gida, sai na tarar injin ya cije, ko motsi ba ya yi.

Abin da ya fara tambaya shi ne ko da ƙafarta aka ajiye ta, ko kuwa a hanya ta mutu. Tambayar tana da muhimmanci, domin injin da ya cije saboda zafi ko ƙarewar baƙin mai sai an sauke shi, amma wanda zama ya kama yawanci tsatsa ce kawai, wato damshin damina ya bi ta bawul ɗin da ke buɗe ya shiga silinda, ya manne ringin fistin da bango. Maƙwabta sun ba ni shawarar a ɗaura igiya a ja ta cikin giya, shi kuwa ya ce, "Alhaji, in aka yi haka ringi zai karye ko kwanrod ya lanƙwashe, kuma kuɗinka ne zai yi kuka." Kwanrod shi ne ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin.

Ya cire filogi huɗun, ya zuba man giyar otomatik gauraye da kananzir a kowace silinda, ya tafi abinsa. Duk zuwan da zai yi sai ya ƙara man, ya ɗora dogon sifana a kan notin fuli, wato notin gaban injin da ake juya kiranshaf da shi, ya ɗan matsa gaba, ya ɗan dawo baya, da ƙarfin da bai wuce na hannu ɗaya ba. Ya kuma buɗe murfin sama yana ƙwanƙwasa bawul ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar babu wanda ya maƙale.

Inda na tabbatar da gwanintarsa shi ne lokacin da fistin ɗaya ya ƙi saki, ya zama dole a cire kan injin. Silif ɗin silindar 504, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai da komo a cikinsu, a cikin ruwa suke zaune, kuma kan injin ne ke danne su, don haka idan aka juya kiranshaf bayan an cire kan, fistin da ya cije yana iya ɗago silif ɗin ya ɓata abin da ke tare ruwa a ƙasa, daga nan ruwan lagireto ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Kafin ya taɓa komai sai da ya danne kowane silif da noti da faffaɗan wosha, sannan ya ɗora guntun katako a kan fistin yana bugu sannu sannu, har wani jan ruwa mai kauri ya tsattsafo ta gefe, injin ya juya.

Duk da haka ina da ƙorafi. Ba ya riƙe alƙawarin lokaci, yakan ce bayan la'asar ya zo washegari, kuma bai faɗi tun farko cewa cire kan injin zai jawo sayen sabon gaskit da ringi ba. Kuɗin hannunsa kam babu tsauri.

Wanda ke da 504 ko 404 a ajiye, ina ba shi shawarar neman irin wannan dattijo, amma a yi ciniki kan kayan gyara tun da wuri, kuma kada a yarda a tayar da injin sai an juye tsohon mai an sa sabo tare da filta, domin kananzir ɗin da aka zuba ya riga ya gangara cikinsa.